Tun Ran Gini, Ran Zane

A harshen kwamfuta da ake kira COBOL akwai wani umarni da ba ya kawo komai. Sunansa START. Sai ka rubuta shi, inji ya aiwatar, ya ce maka an yi nasara, ka leƙa gurbin da bayani ke sauka ka tarar babu abin da ya ƙaru. Ɗan koyo yakan ɗauka wani abu ne ya lalace, alhali lafiya lau. Iyakar aikin umarnin ke nan: ya shiga cikin fayil, ya gano wurin da za a fara karatu, ya sa alama, ya dawo hannu rabbana. Ɗauko bayanin kuwa aikin wani umarni ne mai suna READ, wanda ke biyo baya.

Kada a ce zancen tsohon yayi ne da aka binne. Har yau manyan bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati a Amurka da Turai da COBOL suke tafiyar da kaso mai tsoka na lissafinsu. A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta raba ɗimbin mutane da ayyukansu, sai da gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito bainar jama'a yana cigiyar waɗanda suka iya harshen, don tsohon tsarin biyan tallafin rashin aiki ya kasa ɗaukar cunkoson masu nema. Ni dai abin da ke burge ni da COBOL shi ne ba ya ɓoye wahalar da ake sha kafin a sami abu cikin sauri. Sababbin harsuna sun lulluɓe wannan wahala. Shi kuwa sai ya sa ka rubuta kowane mataki da hannunka, ka ga abin da ya ci.

A shekarun 1950 bayanan kamfanoni a kan tef na maganaɗisu suke, kuma tef ba shi da tsallake. In mutum na 9,000 kake nema, dole inji ya ratsa ta kan 8,999 da ke gabansa. Shi ya sa ake tara ma'amalolin yini, a jera su bisa lamba, da dare a bi babban fayil daga farko har ƙarshe ana sabuntawa. A 1956 kamfanin IBM ya fito da na'urar RAMAC mai faifai 50, faɗin kowanne inci 24, dukkansu suna ɗaukar haruffa miliyan 5. Hannun da ke karanta faifan yana iya dira ko'ina kai tsaye. To amma iya tsalle ba shi ne sanin inda za a dira ba, kuma nan ne buƙatar fihirisa ta taso: wani ɗan ƙaramin jeri a gefe, mai cewa lamba kaza tana wuri kaza. Shi COBOL an aza tubalinsa a wani taro a Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, a watan Mayu na 1959, kuma ya gaji abubuwa da dama daga harshen FLOW-MATIC na Grace Hopper. A shekarun 1960 IBM ya yaɗa tsarin fayil mai fihirisa da ake kira ISAM a kan injinansa na System/360, sannan ƙa'idar COBOL ta 1974 ta shigar da irin wannan fayil da umarnin START cikin harshen a hukumance.

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san ɗakin kati, kuma ya riga ya ga wannan aiki da idonsa. Kana miƙa ɗan ƙaramin katin ta taga, ma'aikacin ya dubi lambar, ko sunanka bai tambaya ba, ya juya ya nufi kantoci. A goshin kowace kanta an rubuta daga lamba kaza zuwa kaza. Ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu, ya tsaya a ta uku, ya bi da yatsa, ya zura shi tsakanin fayil biyu. Wannan zura yatsar shi ne START. Zaro fayil ɗin shi ne READ. In kuma aka aiko ana son fayil goma da ke jere daga wurin, ba sai ya koma taga ba, yatsansa na nan, sai ya yi ta zarowa bi da bi. Wannan shi COBOL ke kira READ NEXT. Mai jira a taga minti ɗaya ya gani. Bai ga ranar da aka yanke shawarar cewa da lamba za a jera ba da suna ba. Bai ga wanda ke tsayawa bayan an tashi aiki yana mayar da kowane fayil gurbinsa ba, balle wanda ya yi tunanin barin sarari a kanta saboda masu zuwa gobe.

A COBOL, tun kafin a rubuta layin aiki ko ɗaya, sai an gabatar da fayil ɗin a saman manhaja, kamar haka:

SELECT ABOKAN-CINIKI ASSIGN TO KUNDI
ORGANIZATION IS INDEXED
ACCESS MODE IS DYNAMIC
RECORD KEY IS LAMBAR-ASUSU
ALTERNATE RECORD KEY IS SUNA WITH DUPLICATES
FILE STATUS IS HALIN-FAYIL.

Layi na biyu ya ce fayil mai fihirisa ne. Na uku ya zaɓi yadda za a riƙa shiga: ko bi da bi kawai, ko ɗauki ɗaiɗai kawai, ko a haɗa biyun, wanda shi aka zaɓa a nan. Wanda ya zaɓi ɗauki ɗaiɗai zalla ya haramta wa kansa START, tunda ba shi da jerin da zai bi. Sauran layukan su ne inda shawara take.

Babban mabuɗi, wato RECORD KEY, shi ne gurbin da ya bambanta kowane rikod, wato bayanin mutum guda ko kaya guda, da sauran 'yan'uwansa. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: kada biyu su zo iri ɗaya. In aka yi yunƙurin shigar da na biyu mai lamba irin ta wani, fayil ya ƙi karɓa. Wannan kaɗai ya isa ya hana suna zama babban mabuɗi, musamman a ƙasar Hausa, inda aji ɗaya na makarantar firamare kan tara Muhammad Sani fiye da ɗaya, ga kuma Aisha Abubakar a kowane layi. Kuma ko mutum ɗaya ne, sunansa ba ya zama wuri ɗaya. Yau Muhammad, gobe Mohammed, a takardar haihuwa Muhammadu, a gida Mamman, in ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram a rubuta Mahamadou. Inji ba ya ganin dangantaka tsakanin waɗannan, harafi yake kwatantawa da harafi. Dalilin da ya sa kowane babban tsari ke ƙirƙiro lambar da ba ta da ma'ana sai ta shaida ke nan. Lambar asusun banki a Najeriya an daidaita ta ta zama mai lambobi 10 a duk bankuna, BVN da aka ƙaddamar a 2014 tana da 11, NIN ma 11. Mutane kan yi ƙorafin an mayar da su lamba. Ina fahimtar ƙorafin, amma wanda aka taɓa haɗa bashinsa da na takwaransa ba zai yi shi ba.

Ba a jefar da suna ba, an dai rage masa matsayi. Shi ne mabuɗi na biyu, wanda aka yarje wa maimaituwa, don wanda ya zo ya ce katinsa ya ɓata. Sai dai kowane ƙarin mabuɗi ƙarin fihirisa ne, kuma duk lokacin da aka shigar da sabon rikod sai an gyara kowace. Mai son a iya nema ta suna, ta gari, ta lambar waya, ta ranar haihuwa, ya sauƙaƙa wa mai karatu ya ɗora wa mai rubutu kaya. Babu tsarin da ya kuɓuta daga wannan ciniki.

Abin da ya fi ɗaure mai zana fayil shi ne babban mabuɗi ba ya canzuwa. Kana iya gyara adireshi, ka gyara suna, ka gyara kuɗi, amma in lambar ce ba daidai ba, sai dai a goge rikod ɗin a rubuta sabo. Tsawonsa da wurin da ya fara a cikin rikod ma an kafa su tun ranar da aka ƙirƙiri fayil. Idan manhaja ta zo da wani tsawo daban da wanda fayil ya sani, ko buɗewa ba zai yi ba. Wanda ya ware gurbi shida yana ganin abokan ciniki ba za su taɓa kai miliyan ba, ranar da suka kai, shi ko magajinsa zai kwashe bayanan duka, ya sake fasalta fayil, ya bi duk manhajar da ke taɓa shi ya gyara. Tun ran gini ran zane, in ji Bahaushe, kuma ban san wata sana'a da maganar ta fi kamawa ba.

Sai zubin farko. Idan bi da bi za a loda bayanai, dole a riga an jera su daga ƙarami zuwa babba bisa mabuɗi. Guda ɗaya ya saɓa layi, fayil ya mayar da shi. Ana cikin lodin ne fihirisa ke ginuwa hawa-hawa, kuma lissafinta abin sha'awa ne. A ce kowane yanki na fihirisa yana ɗauke da nuni 100. Hawa na sama ya nuna yanki 100, kowannensu ya nuna 100, kowanne daga cikin waɗannan ya sake nuna 100: hawa uku sun kai ka wuri 1,000,000. Wanda zai bi fayil mai rikod miliyan ɗaya daga farko, a matsakaici sai ya ratsa 500,000 kafin ya ci karo da abin da yake nema. Mai fihirisa ya leƙa sau uku ko huɗu ya gama.

Matsalar tana zuwa ne bayan an fara aiki, sababbin rikod suna shigowa suna neman gurbi a tsakiyar jerin da ya riga ya cika. Tsohon ISAM yakan tura su wani fili na rarar kaya, ya ɗaura su da nuni, ɗaya na nuna ɗaya. Yau da gobe sarƙar ta yi tsawo, neman da ake yi cikin ƙiftawar ido ya koma jan ƙafa, sai an ware lokaci an sauke fayil an sake loda shi. VSAM, wanda IBM ya kawo a farkon shekarun 1970, ya canza dabara. Tun wajen ƙirƙira ake faɗa masa ya bar fili, misali kashi 20 cikin ɗari a kowane yanki. In yanki ya cika duk da haka, sai a raba shi biyu, kusan rabin kayan su koma wani yanki da ke fanko, a gyara fihirisa. Irin wannan tunani ne Rudolf Bayer da Edward McCreight suka tsara a ɗakin binciken kamfanin Boeing a 1970, wanda aka sani da B-tree. Shi ne ke ƙarƙashin mafi yawan rumbunan bayanai na yau, har da SQLite da ke cikin kowace wayar Android. Mai rubuta SQL, harshen tambayar irin waɗannan rumbuna, a yau ba ya rubuta START, amma rumbun yana yi masa shi a ɓoye.

Akwai wani abin dariya da masu aiki da manyan injinan IBM suka sani. Fayil ɗin VSAM da aka ƙirƙira amma ba a taɓa zuba masa komai ba, in manhajar COBOL ta zo buɗe shi don karatu, sai a ce mata babu shi. Maganin da aka saba yi shi ne a rubuta masa rikod ɗaya na bogi, a goge. Daga nan ya zama fayil, ko da babu komai a ciki.

To yanzu an gama shiri, an buɗe fayil da OPEN INPUT, an zo kan START ɗin kansa. Sai ka zuba abin da kake nema a gurbin mabuɗi, ka faɗi sharaɗi: daidai da wannan, ko wanda ya fi wannan, ko wanda bai gaza wannan ba. Mabuɗin da ka ambata a nan shi zai ja ragamar duk karatun da ke tafe. In lambar asusu ce, bayanai su zo a jerin lamba. In suna ne, fayil ɗaya ɗin nan ya zo a jerin suna, ba tare da an motsa ko rikod ɗaya ba.

A nan tarkuna suke, kuma kusan dukkansu ƙanana ne. Lamba 4521 a gurbi mai ɗaukar goma, in an ɗauke ta a matsayin adadi, za ta zauna 0000004521. In an ɗauke ta a matsayin rubutu, za ta zauna 4521 da fili shida a bayanta. A idon mutum abu ɗaya ne. A wurin fayil ko kusa ba su yi ba, sai ya ce babu wannan mutum, ga shi kuwa yana nan zaune. Wani tarkon: in an haɗa hanyoyin shiga biyu, READ kaɗai yana nufin ɗauki ɗaiɗai ne. Wanda ya manta kalmar NEXT a cikin zagayen karatu, manhajarsa za ta yi ta ɗauko rikod ɗaya tana maimaitawa, ba za ta taɓa kai ƙarshen fayil ba sai an kashe ta.

Amma tarkon da na fi so a tsaya a kai shi ne na sharaɗin "wanda bai gaza ba". Amfaninsa babba ne, don shi ke ba da damar nema da guntun mabuɗi. Ka ba da haruffa huɗu, ABDU, ya tsaya a kan na farkon masu wannan mafari, READ NEXT ya kawo Abdu, Abdulkadir, Abdullahi, Abdurrahman. Sai dai babu wanda ya gaya masa inda zai tsaya. Bayan Abdurrahman zai kawo Abubakar, ya kawo Adamu, ya yi ta tafiya har Zulai. START mafari kawai ya sani, sanin iyaka naka ne. Mafi muni, in babu mai ABDU ko ɗaya a fayil ɗin, ba zai ce babu ba. Zai tsaya a kan Abubakar ya ce an yi nasara, kuma gaskiya ya faɗa, don abin da ka tambaya ke nan. Kama da wane ba wane ba ne. Dole bayan kowane karatu manhaja ta kwatanta abin da aka kawo da abin da aka zo nema.

Kwatantawar ma da nata sharaɗin. Gurbin mabuɗi yana cikin filin da rikod ke sauka, saboda haka karatun farko kan shafe abin da ka rubuta a wurin ya maye shi da na wanda aka ɗauko. In ba ka adana tambayarka a wani gurbi daban ba, za ka kwatanta amsa da kanta, kullum kuwa ta yi daidai. Ban san iya adadin mutanen da ke yin irin wannan a rayuwa ba tare da kwamfuta ba, su fita neman abu, a miƙo musu wani, su manta da me suka fito nema. A manhaja dai gyaran layi ɗaya ne.

Duk wannan, fayil ba ya rufe ka. Bayan kowane umarni yana ajiye lambobi biyu a gurbin da aka kira HALIN-FAYIL a sama. 00 na nufin lafiya. 02 na nufin lafiya, amma akwai wani mai wannan sunan a gaba. 10 an kai ƙarshe, 21 jeri ya saɓa, 22 akwai mai wannan lamba, 23 ba a samu ba, 35 babu fayil ɗin, 39 siffar da ka faɗa ba tasa ba ce. In START ya dawo da 23 ka yi kunnen uwar shegu ka wuce zuwa READ NEXT, sai ka sami 46, wato babu wurin da aka tsaya balle a ci gaba. Haɗarin shi ne filin rikod ba ya komawa fanko don nema ya ci tura. Sau da yawa bayanan wanda aka duba kafin wannan suna nan kwance, kuma manhajar da ba ta duba hali ba za ta buga su ƙarƙashin sunan sabon mutum. Manhajar da ta faɗi ta tsaya, a ganina, ta fi wannan mutunci nesa ba kusa ba, don ita kowa ya ga ta faɗi. Masu koyar da harshen suna nanata a duba lambar nan bayan kowane buɗewa da kowane karatu, 'yan koyo kuma suna ganin ɓata lokaci ne, tunda a gwajinsu na rikod biyar kullum 00 take fitowa.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: da aka ce "wanda ya fi", a jerin wa? Manyan injinan IBM suna amfani da tsarin haruffa na EBCDIC, inda ƙananan haruffa ke fara zuwa, sai manya, sai lambobi. A tsarin ASCII na sauran kwamfutoci lambobi ne a gaba, sai manya, sai ƙanana. Mabuɗi A100 yana gaban 1000 a can, yana bayansa a nan. Fayil da aka jera tsaf a inji ɗaya, in aka kai shi ɗayan aka fara lodi ba tare da sake jerawa ba, sai 21 ta yi ta fitowa.

Mu masu rubuta Hausa namu ya fi haka. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a ASCII. A jerin boko ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, amma a lambobin Unicode dukkansu bayan z suka faɗa. Idan fayil yana kwatanta lambobin haruffa tsagwaronsu, kamar yadda irin waɗannan fayiloli suka saba, Ɗanjuma zai zauna bayan Zubairu. Ga kuma yadda ake shigar da sunan a ofisoshi: wannan ya buga Danjuma don madanninsa ba shi da harafin, wancan ya sa alamar ɗauri a gaba ya buga 'Danjuma, na uku ya buga Ɗanjuma yadda ya kamata. Alamar ɗaurin a ASCII tana gaban A. Mutum ɗaya ke nan a wuri uku, farkon fayil da tsakiya da ƙarshe, kuma START da aka ba DAN na tsakiyan kaɗai zai gani.

Maganin da ake yi shi ne a raba sunan da ake nunawa da sunan da ake nema da shi. A ware wani gurbi a cikin rikod, a riƙa zuba sunan a ciki bayan an daidaita shi: duka manyan haruffa, a cire alamar ɗauri, a mayar da mai lanƙwasa zuwa ɗan'uwansa mara lanƙwasa. Wannan gurbin shi za a yi mabuɗi na biyu da shi, sunan asali kuwa ya zauna da ƙugiyoyinsa don bugawa a takarda. Yana cin wuri a kowane rikod, kuma duk manhajar da ke shigar da suna dole ta cika shi ta hanya ɗaya, in ba haka ba an koma gidan jiya. A sabon fayil aikin ɗan lokaci ne. A wanda ya riga ya cika kuwa, sai an sauke bayanan gaba ɗaya, an faɗaɗa rikod, an bi tsofaffin sunaye an daidaita su, an sake lodi, an sake gina fihirisa ta biyu, sannan a bi manhajojin da ke karanta fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya a sanar da su sabon tsawon.